BUHUN TALLAFI A KAN SIKELI

'Yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwar Bakura da Mafara da Maradun, ku tattaro hankalinku, gama yau awo za mu yi. Ku ne ma'abota tiya da mudu da sikeli, kun san kaya ba a saye sai an auna. To, ga wani kaya da Gwamnati ta daɗe tana kawo mana, ana kiɗa ana guɗa, ana ce da shi tallafi, wasu kuma su ce rage raɗaɗi. Ba mu taɓa ɗora shi a kan sikeli ba. Yau za mu ɗora.

Abin da ya jawo maganar kuwa, wata tsohuwa ce 'yar jam'iyyarmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta same ni a ofis ina cikin rubuta sunayen waɗanda suka biya kuɗin kati. Ta zauna, muka gaisa, sa'an nan ta ce, "Malam Akawu, ɗana, an ce in kai katin zaɓena a rubuta ni cikin masu samun shinkafa. In na amsa, na ci amanarku? In kau na ƙiya, mi jikokina za su ci?" Na ce mata, "Inna, je ki amsa, kayanki ne. Amma katinki kada ya bar hannunki." Ta tafi, ni kuwa maganar ba ta bar ni na yi barci ba. Abin da na gaya mata a taƙaice shi zan warware muku a nan.

ASALIN CIWON

Kafin a yaba wa mai magani, sai a tambaya wa ya kawo ciwon. Ran 29 ga Mayu 1999 aka komo mulkin farar hula, kuma a wannan rana ce ta 2023 Shugaba Bola Tinubu, yana karɓar mulki, ya ce an daina biyan tallafin man fetur. Litar da Gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haye wajen 500 cikin kwana biyu, ta kai 617 a watan Yuli, ta zarce naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ma'aikatar ƙididdiga ta Gwamnatin kanta ta ce a watan Yunin 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabace ta.

Ba sai an karanta muku wannan a takarda ba. Mai kai albasa kasuwar Mafara ran Talata ya gani a kuɗin mota. Mai ban ruwa da injin fetur a fadama ya gani. Mai niƙa ya gani, ɗan acaba ya gani, matar gida da ke aiken yaro da kuɗin cefane ta fi kowa gani. Bayan an yi wannan ne aka ce za a kawo mana tallafi. Watau hannun da ya tura mu rijiya shi ne ya miƙo mana igiya. To, bari mu auna tsawon igiyar.

AWON FARKO: CIKI

A watan Agustan 2023 Gwamnan Borno, Babagana Zulum, ya fito daga taron majalisar tattalin arziki ya ba da sanarwa cewa Gwamnatin Tarayya za ta ba kowace jiha naira biliyan 5. Kai, in ka ji biliyan sai ka ce talauci ya ƙare! Amma ɗauko alli. Mutanen Zamfara, bisa ƙiyasi, sun haura miliyan 5. Raba biliyan 5 ga miliyan 5, kowa ya tashi da naira 1,000. Ko a wancan lokaci ba ta sayen tiya guda ta shinkafa. Ba a nan ta tsaya ba. Kashi 52 ne kyauta, kashi 48 bashi ne da jihohi za su biya Babban Banki cikin wata 20. Da kuɗin wa za a biya? Da kuɗin da ya kamata a sayi magani a asibitin Bakura. Hausawa suka ce kowa ya ci shinkafar rance, tasa ya ci.

A watan Yulin 2024 kuma Ministan Watsa Labarai, Mohammed Idris, ya ce an aika wa kowace jiha mota 20 ta shinkafa, kowace mota da buhu 1,200 mai kilo 25. Sake ɗauko alli. Buhu 24,000 ke nan. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147, saboda haka kowace mazaɓa ta tashi da buhu 163 da ɗan ɗoriya, in fa ko ƙwaya ba ta zube a hanya ba. In kuwa aka raba wa kowa da kowa, mutum ɗaya ya sami giram 120, abin da bai cika gwangwanin madara ba. Wannan shi ne abin da aka tara 'yan jarida a Abuja don a sanar.

Sai kuma kuɗin hannu. A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 kowane wata har wata uku. Ba a je ko'ina ba, a watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke riƙe da aikin, Betta Edu, bisa zargin ba da umurnin a zuba naira miliyan 585 a asusun da ba na Gwamnati ba, aka kuma tsayar da shirin na wani lokaci. Ministar ta tafi gidanta, talaka kuwa ya ci gaba da leƙa wayarsa yana jiran saƙon banki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

AWO NA BIYU: KASUWA

Ku 'yan kasuwa, ga naku. Hatsin da Gwamnati ke rabawa ba daga sama yake faɗowa ba, saye ake yi. Wa ake ba kwangilar saye? Ba mai tiya a rumfar kasuwa ba, sai babban ɗan kwangila mai sito. Ran da ya shiga kasuwa da motocinsa farashi ya tashi, ke mai sarin kwano goma ki rasa na saye. Ran da aka raba kuma, kashegari sai ka ga buhunan da tambarin Gwamnati sun ɓullo a kasuwa, gama wanda aka ba guda hamsin ba zai iya cinyewa ba. Ya samu a banza, ya karyar, ya kashe wa mai jari ciniki. Ta ko'ina ƙaramin ɗan kasuwa ke shan kashi.

Manomi fa? A watan Yulin 2024 Gwamnati ta ɗage kuɗin kwastan na kwana 150 a kan shinkafa da masara da alkama da wake da ake shigowa da su daga waje. Wannan da wasu dalilai suka sa farashin hatsi ya sauka a 2025, kuma ba za mu ƙi gaskiya ba, mai saye a gari ya ɗan numfasa. Amma taki bai sauka tare da hatsi ba. Manomin shinkafa da ya sayi taki da fetur da tsada ya kai amfaninsa kasuwa ya tarar an karya. An share wa wani hawaye da rigar wani. In manomi ya yi fushi ya bar gona, baɗi wa zai ciyar da gari? Sai a sake aiko mota 20?

Kada kuma mu manta da 2021, lokacin da Gwamnatin Jiha ta rufe kasuwannin mako-mako a ƙarshen watan Agusta, aka katse layukan waya a watan Satumba, don a karya 'yan bindiga. Ko an yi daidai ko ba a yi ba, 'yan kasuwa sun yi makonni suna cin jarinsu. Haka farkon 2023, da aka canja takardun kuɗi mutum ya kasa taɓa nasa na kansa. Wa ya zo da takarda ya tambayi mai tebur nawa ya yi asara? In da gaske ana son taimakon ɗan kasuwa, a nan ya kamata a fara.

AWO NA UKU: ƘURI'A

Mun ga buhu ba shi da nauyi wajen ciki. To, ina nauyinsa yake? Yana wajen akwatin zaɓe. Ku lura da yadda ake rabo. Ba a liƙa sunaye a bango. Takarda tana aljihun shugaban jam'iyyar da ke mulki a mazaɓa. Kowane babba yana da kasonsa, sai abin da ya rage a tara mata da tsofaffi cikin rana, a jera su, a ɗauki hotonsu da buhu a ka, a watsa a Facebook. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ciyar da gidansa da guminsa, yau an mai da shi abin talla. Kuma an san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin kuwa ranar zaɓe ake yi.

Wannan dabara ba yau aka fara ba. Bayan karayar arzikin 2016, Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta fito da TraderMoni a 2018, rancen naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa. Mataimakinsa, Yemi Osinbajo, ya riƙa bin kasuwanni da kansa, ana saura watanni kaɗan a yi zaɓen 2019. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne, Gwamnati ta ce taimako ne. Mu dai tambayarmu ɗaya: talaucin ɗan kasuwa sai zaɓe ya matso yake tsananta?

A watan Oktoban 2020 kuma jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da Kaduna da Ilorin da wasu garuruwa, suka tarar da abincin agajin annobar korona jibge, watanni bayan an kulle mutane a gida. Ba mu goyon bayan fashe-fashe. Amma me abincin yake jira? A watan Fabrairun 2024 mutum bakwai suka mutu a turmutsutsin sayen shinkafar kwastan mai rahusa a Legas. A watan Maris ɗalibai biyu suka mutu wajen rabon shinkafa a jami'ar Keffi. Rai saboda kilo kaɗan! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa cancantar yin tambaya. Daga 1999 zuwa 2023 shekara 24 ce, kuma 20 daga ciki ɗan ƙasar nan tamu ne ke kan kujerar Gwamna a Gusau: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara shekara takwas, Bello Matawalle na Maradun shekara huɗu. Ban ce ba su yi kome ba, kuma kowa ya san an yi rabon azumi da na salla. Amma awon talauci na 2019 da ma'aikatar ƙididdiga ta fitar ya ce kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara matalauta ne. In da rabon buhu yana fid da mutum daga talauci, da yanzu Bakura ce ke aika wa Legas zakka.

"DA BABU GARA BA DAƊI"

Na san abin da 'yan kanzagin Gwamnati za su ce. Za su ce da babu gara ba daɗi, kuma mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. Gaskiya ne. Gwauruwar da aka kashe mata miji a gona, ga marayu, buhu guda ya raba ta da kwana da yunwa na mako biyu, kuma duk wanda ya ce mata ta ƙi karɓa don jam'iyya ba shi da tausayi. Ba mu ce a daina agaji ba. Haƙƙin mai mulki ne ya ciyar da jama'a lokacin fari da yaƙi da karayar arziki. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tara hatsi shekara bakwai kafin yunwa ta zo, ba bayan ta zo ba, kuma ba a ce ya tambayi kowa katin jam'iyya ba.

Za su kuma ce babu kuɗi. Haba! Bayan an cire tallafin mai, kuɗin da ake rabawa daga asusun Tarayya ya haura naira tiriliyan 15 a 2024, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wannan kuɗin daga ina? Daga aljihun wanda ya sayi lita a naira 1,000. An karɓi sa a hannunka, an ba ka ƙafar kaza, ana jiran godiya.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Kakanninmu sun san buhu tun kafin mu. Yunwar 1927 sunanta 'Yan Buhu, don a cikin buhuna aka kawo hatsin agaji. Ta 1942 mutanen gabas suka sa mata 'Yar Gusau, don nan suka yi ta kwararowa neman abinci. Tsakanin waɗannan biyu, a 1929, kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, amma En'e ba ta ɗauke haraji da jangali ba. Talaka ya sayar da hatsin rumbunsa ya biya.

Wannan karayar daga Amurka ta taso, kuma can ma an yi gardamar da muke yi yau. A 1933 ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Shugaba Roosevelt ya raba abinci da kuɗi, amma babban abin da ya yi shi ne ba da aiki: hukumar da ya kafa a 1935 ta ɗauki mutum fiye da miliyan 8 cikin shekara takwas, suka gina hanyoyi da gadoji da makarantu, mutum ya karɓi ladansa ba tare da ya durƙusa ba. Duk da haka a zaɓen 1938 aka yi kuka, musamman a jihar Kentucky, cewa ana matsa wa waɗannan ma'aikata su zaɓi wanda ake so. Me majalisarsu ta yi? A 1939 ta kafa dokar Hatch, wadda ta haramta amfani da agaji ko alkawarin aiki don juya ƙuri'ar mutum. Ashe cutar ba tamu ba ce mu kaɗai, maganin ne ba mu nema ba.

Ga makwabtanmu kuma. Lokacin babban farin 1973, hatsin agaji ya shiga Nijar, kuka ya yi yawa cewa ba ya isa ga masu yunwa. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori Hamani, kuma maganar agajin nan tana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar. Ba mulkin soja muke fata ba, Allah ya kiyaye, mun ɗanɗana. Muna dai tuna wa masu mulki cewa wasa da abincin mai yunwa wasa da wuta ne.

Wani zai ce to, a yi manyan ayyuka ke nan. Mu nan sai mu ce a yi a hankali, gama mun ga Bakolori. An fara dam ɗin a 1974, bayan farin nan, kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978, da niyyar ban ruwa ga kadada 23,000. Aiki ne na alheri a takarda. Amma an tashi dubban mutane, an riƙe gonaki, diyya ta zama rigima, ba a saurari mai gona ba. Da manoma suka tare hanya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum kaɗan ne suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa. Daga baya injinan feshin da aka shirya wa kadada 15,000 suka lalace. Darasin a fili yake: ko buhu ne ko dam ne, in an yi shi bisa kan talaka ba tare da bakinsa ba, ƙarshensa kuka.

Duk da haka ku duba wannan lissafi. Shinkafar mota 20 ɗin nan tan 600 ce. In kadada ɗaya ta ba da tan biyu kacal na gyararriyar shinkafa, kadada 300 ta isa ta fid da ita, ba sau ɗaya ba, kowace shekara. Bakolori kuwa 23,000 aka tsara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyaran manyan wuraren ban ruwa na Arewa, har da Bakolori, kuma wannan ma bashi ne a wuyanmu, saboda haka muna da ikon tambayar inda kowace kadada ta kwana. Amma ruwa ba ya amfanin manomin da ba ya iya zuwa gona. Yankin da aka kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin aikin gona ta nan Bakura a watan Agustan wannan shekara, yankin da ɗan bindiga ya ɗora wa ƙauye kuɗi kafin a yi girbi, tallafinsa na farko shi ne zaman lafiya.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, duk agajin da ya shigo ƙaramar hukuma a faɗi adadinsa a rediyo, a liƙa sunayen masu karɓa a ƙofar makarantar firamare da ta masallacin Juma'a mako guda kafin rabo.

Na biyu, masu rabo su zama limamai da wakilan 'yan kasuwa da na mata da na manoma, da ɗan kowace jam'iyya yana kallo.

Na uku, a yi doka: ba hoton ɗan siyasa a jikin buhu, ba tambayar katin zaɓe, ba rabo in an shiga yaƙin neman zaɓe sai ta hannun hukumar agaji.

Na huɗu, hatsin agaji a saye shi nan gida lokacin kaka, a hannun manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, a ajiye a rumbun kowace gunduma.

Na biyar, mai ƙarfi a jika a ba shi aiki da lada, yashe magudanan Bakolori da gyaran hanyoyin ƙauye da rumfunan kasuwa. Kyauta a bar wa tsoho da maraya da gwauruwa da mai naƙasa.

Na shida, kuɗin ƙaramar hukuma ya iso ƙaramar hukuma, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli 2024, don mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

To, jama'a, ga sikeli ya tsaya. Wajen ciki buhun tallafi bai cika gwangwani ba. Wajen kasuwa ya danne mai ƙaramin jari. Wajen ƙuri'a kuwa ya rinjayi shekara huɗu ta rayuwarka. Saboda haka abin da na gaya wa Inna shi nake gaya muku: in an kawo ku karɓa, kuɗinku ne, kada ku ji kunya, kada kuma ku durƙusa. Ku ƙirga buhunan da suka shigo mazaɓarku, ku kawo mana adadi a ofis, mu rubuta, mu buga a wannan jarida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar zaɓe kuwa kowa ya tuna shinkafar mako biyu ce aka ba shi, ƙuri'arsa ta shekara huɗu ce.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba talaka sawaba, amin. Wassalam.

Akawun Jam'iyya, Bakura